Yadda Na Mayar da Mutum Tara Mutum Uku

Shekara ta biyu bayan gudu na fara aiki a shagon Baba. Ba mahaifina ba ne, maƙwabcinmu ne tun kafin a haife ni. Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya daga sakatariyar Gella, ya buɗe shagon iri da taki da maganin feshi a bakin kasuwar Mubi. Lokacin da 'yan bindiga suka shigo garin kowa ya watse, shagon ya ƙone ƙurmus. Kayan da suka ƙone bai cika maganarsu ba. Littattafansa kuwa, in ka bari ya fara zancensu, sai la'asar ta wuce ka. A cikinsu ya rubuta duk manomin da ya taɓa sayen ko ƙwayar masara a hannunsa, da ƙauyensa, da irin ƙasar gonarsa.

'Yarsa, da muke ce wa Anti, tana aikin kwamfuta a Yola. Ita ta zo da wata tsohuwar laftof da modem ta ce an gama da takarda. Ni kuma aka ɗauke ni saboda na gama sakandare, na yi wata uku ina koyon kwamfuta, kuma Inna ta gaji da ganina a gida ina faɗa da kowa.

Kwana biyu Anti ta yi tana mana bayani. Abu biyu ne. Na farko rumbun intanet, inda za mu riƙa rubuta sunayen manomanmu. Ba a cikin laftof ɗin suke zama ba, can wani wuri ake adana su. Na biyu manhajar kamfanin da ke ba Baba iri, wadda suke kula da kwastomominsu da ita. Ita ke aika wa manomi saƙo a waya, ita ke faɗa wa kamfani buhu nawa za a loda wa kowane shago. Aikin Anti shi ne ta haɗa biyun, kuma gada ta kira abin. Duk abin da na rubuta a rumbunmu, da zarar an samu netwok, zai haye gadar ya bayyana a wajen kamfani, ba sai wani ya hau mota ya kai takarda ba.

"To in aka ƙone wannan ma fa?" in ji Baba, yana nuna laftof da baki.

"Sunayen suna nan, Baba."

"Ina?"

"A wata ƙasa. Cikin wasu manyan injina."

Ya sosa gemu. "Su can ba a gudu?"

Anti ta ce ba a gudu. Ya ce to, Allah ya sa, mu ma haka muka ɗauka.

Ranar da za ta koma, tana ɗauke da jaka ta juyo ta ce mini, "Wani lokaci injin zai nuna miki suna biyu, ya tambaye ki ko mutum ɗaya ne. Kada ki amsa da kanki. Ki tambayi Baba." Na ce to. Ina yawan cewa to.

Iri ya yi wuya a shekarar. Wasu an ƙone musu rumbu, wasu sun cinye na shuka a wajen gudu. Kamfanin yana da wata masara mai saurin nuna, amma kaɗan ce, shi ya sa suka ce ƙaramin buhu ɗaya ga kowane suna da ya bayyana a manhajarsu. Za su rufe rajista wata Juma'a da azahar. Wanda ba ya ciki, sai ya shuka masarar tuwo ta kasuwa, in ta ga dama ta tsiro.

Mako uku muka yi muna rajista. Abu huɗu kawai nake buƙata daga mutum: sunansa, sunan ubansa, ƙauye, lambar waya. Aikin minti biyu. Amma sai ya bi ta hannun Baba a bakin ƙofa tukuna. Ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ƙafar nan da ta kumbura, akuyar nan ta haihu kuwa, waye ya dawo, waye bai dawo ba. Ni ina zaune, janareta yana shan mai, yatsuna a kan madanni suna jira. In na ce, "Baba, layi fa," sai ya ce, "Injiniya tana sauri," su yi dariya tare, su ci gaba daga inda suka tsaya.

Sau ɗaya na bi umarnin Anti. Akwatin tambayar ya fito da suna biyu, na kira Baba. Ya sa tabarau, ya karanta, ya cire tabarau, ya ba ni labarin kakan mutumin, da rigimar iyakar gona da aka yi a Mugulbu kafin a haifi Inna, da wata shekara da fari suka zo. Da na ce, "Baba, mutum ɗaya ne ko biyu?" sai ya ce, "Oho, ɗaya ne mana. Sau biyu ya zo." Kusan awa guda.

Saboda haka ranar Litinin ta makon ƙarshe, da akwatin ya sake fitowa, ko ɗaga kai ban yi ba. Layi huɗu ya jera mini: suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ƙauye ɗaya, lambar waya ɗaya. Baba yana bakin ƙofa suna maganar gara da wani. Na danna haɗewa. Ya sake kawo uku masu kama da juna, na haɗe. Ya kawo biyu, na haɗe. A ƙasa akwai wani ɗan gurbi da ke tambaya ko a riƙa yin haka kullum ba sai an tambaye ni ba. Na ce wannan inji ya san halina, na danna shi ma.

"Baba, na share maka datti har shida," na ce.

"Madalla, Injiniya," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Ranar Laraba wata mata ta shigo, doguwa, da ƙurar gari a girarta. Injin niƙa gare ta a wani zango kan hanyar Maiha, inda mutanen tsaunukan Michika da ba su iya komawa gida ba tukuna suka ari gonaki. Mama mai inji ake ce mata. Ba ta tsaya gaisuwar Baba ba, abin da ya sa na so ta nan take. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da waya a cikin leda, ta ajiye a kan tebur kamar shaida a kotu.

"Waye mai kwamfuta?"

"Ni ce."

"Kai yarinya," ta ce. A bakinta kowa kai ne. "Mutum tara ya zo nan ya rubuta suna. Saƙo uku ya shigo. Ina shida?"

Na ce kowa ya duba wayarsa mana.

"Wannan shi ne wayan kowa."

A hanyar gudu wayoyinsu suka salwanta, wasu aka ƙwace, wasu aka sayar aka ci abinci. Tata kaɗai ta rage a zangon, kuma ita ke da wutar caji saboda inji. Kowa lambarta yake bayarwa. Ba rana ɗaya suka zo rajista ba, bibbiyu suka riƙa zuwa, kowa da lambar a 'yar takarda, ni kuma ba na duban fuska, yatsu nake duba.

Baba ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau. Na nuna masa sunaye ukun da suka rage. Ya daɗe yana kallo.

"'Yata," ya ce a hankali, "mutanen nan da jerin haihuwa suke sa suna. Ɗan fari sunansa ɗaya ne a kowane gida. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Uban shi ma haka aka sa masa. In ɗan fari ne, ubansa kuma na biyu ne a gidansu, sai ki samu irinsa huɗu a coci ɗaya."

Abin haushin, na sani. A ajinmu na sakandare 'yan mata uku ne masu suna ɗaya daga can, har malamin lissafi ya riƙa kiransu da doguwa, gajera, da mai surutu. Na sani sarai. Kawai ban ga dalilin da zai sa in tuna ba a lokacin.

Na ce ba komai, yanzu zan mayar da su. Mama ta karanto su da ka, na rubuta mutum shida cikin minti biyar, ina yi ina kallon Baba don ya ga yadda ake aiki. Netwok ya kawo, suka haye gada. Muna kallo, ɗaya bayan ɗaya suka narke cikin ukun nan. Na sake rubutawa, suka sake narkewa. Ɗan gurbin da na danna yana aikinsa da gaskiya.

"Ya cinye su kuma?" in ji Mama.

Na kira Anti. Ta yi wata dariya da ban ji daɗinta ba.

"Me na ce miki ranar da zan tafi?"

"Anti, bar wannan. Ya za a yi?"

Ta ce gadar ba ta san gyara da ɓarna ba, duk abin da aka ba ta haye da shi take. Abin da na haɗe a rumbunmu ya haɗu a wajen kamfani tun Litinin. Za ta sauya tsarin, a daina gane mutum da suna da lambar waya, a ba kowa lambar rajistarsa shi kaɗai. Wannan aikinta ne, za ta gama kafin gobe. Amma mutanen kamfani sun ga suna tara sun koma uku, in suka ga sun sake zama tara a waya ɗaya, za su ce shago ne ke ƙirƙirar manoma. Sai an haɗa da hoton kowane mutum a tsaye a gonarsa, kafin azahar ɗin Juma'a.

"Wa zai ɗauko hoton?" na ce.

Baba yana goge tabarau, Mama tana mayar da wayarta cikin leda.

Da sassafe ranar Alhamis na hau bas ɗin Maiha da wayar Baba mai kyamara. Hanyar nan na san ta da ƙafa, ta nan muka bi lokacin gudu, ni da Inna da buhun kaya a ka. A mota ta fi gajarta, ko da yake a kowane shinge sai an sauka an taka an wuce sojoji sannan a koma ciki. Na lissafa a raina: hoto tara, minti ɗaya ɗaya, in kama bas ɗin sha ɗaya in dawo.

Na tarar da su a gindin mangwaro kusa da injin, a zaune a jere kamar masu jiran allura. Mama ta gabatar da ni: "Ga wanda ya haɗa ku." Suka gaishe ni da ladabi har na ji kunya. Na ce su tashi mu tafi gona. Sai aka ce a dakata, wane ya tafi sauya riga. Da ya dawo da rigar zuwa coci, sauran suka dube shi, suka dubi jikinsu, suka watse gaba ɗaya.

Gonakin aro ne, wanda aka ba ka shi za ka karɓa, saboda haka ba a wuri ɗaya suke ba. Ɗaya tana bayan mayo, wato rafi, ɗaya a gindin dutse, ɗaya sai an ratsa gonar wani an gaishe shi. Kuma ba wanda ya yarda in ɗauke shi a bakin gona in wuce. Sai ya zagaya da ni iyaka, daga wannan kututture zuwa wancan shuri, don kada kamfani ya ɗauka gonar ƙarama ce. Na ce kamfani ba zai ga iyaka a hoto ba. Ya ce to ni in gani. Wani ya ce sai da fartanya a kafaɗa. Wani ya ce a sake, ya rufe ido. Wani ya kira matarsa ta tsaya a gefensa, na ce sunansa kaɗai ke rajista, matar ta ce, "Shi yana da suna, ni ina da noma," ta gyara ɗankwali ta tsaya. Na ɗauka da ita.

La'asar ta yi ina da hoto takwas, da ƙaya a siket, da ƙafa kamar ba tawa ba.

"Saura ɗaya," na ce. "Ina yake?"

Suka dubi juna. Na taran shi ne babbansu, Tsoho suke ce masa, kuma yana cikin shidan da na share. Tun Talata ya hau tsauni ya duba ko rufin ɗakinsa na can gida yana nan. Ba waya a hannunsa, wayar kowa tana bakin zanin Mama. Ya ce zai dawo in ya dawo.

Ɗaya daga cikin masu sunansa, wani mai wushirya, ya matso ya rage murya. "Ni zan tsaya masa. In sa hula, in ɗan sunkuya. Ai kwamfuta ya riga ya ce mu ɗaya ne."

Ba zan yi ƙarya ba, na ce a kawo hular.

Mama ta kashe inji. Wurin ya yi tsit. Ta ce ita ce shugabar matan zumuntar coci a zangon nan, kuma lambarta ce a kan sunayen, ba za a ɗora ƙarya a kan wayarta ba. In aka gane, tara ɗin duka za a soke, a kan hula. Mai wushirya ya ce wasa yake yi. Ni ma na ce wasa nake yi. Ta dube mu duka biyu, ta kunna injinta.

A kan wani dutse bayan injin ake samun netwok. Na hau na tura wa Anti hotunan, ina riƙe da waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na bar wa Mama saƙo: in Tsoho ya dawo, ko da gudu a kawo shi Mubi kafin azahar, in ya so a ɗauke shi a gaban buhunan taki, mu roƙi kamfani.

Ranar Juma'a na buɗe shago kafin Baba. Anti ta gama gyaran gada. Na rubuta su da sababbin lambobinsu, na zauna ina kallo suna hayewa. Ɗaya, biyu, har takwas, kowa a layinsa, ba wanda ya narke. Wayar Mama ma, ta kira ta ce, sai ƙara take kamar ranar Kirsimeti. Na taran yana nan da jan rubutu a gefensa, ana jiran hoto. Duk keken da ya tsaya a bakin kasuwa sai na leƙa. Aka yi kiran salla, masu shaguna suka fara ja da ƙofa. Jan rubutun ya koma toka. Tsoho ranar Lahadi ya sauko daga tsauni.

Da motar kamfani ta kawo iri mako na gaba, an riga an yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi, kowa yana sauri. Baba ya ware buhu takwas a gefe ya ce, "Ke za ki kai. Ke za ki faɗa masa." Na ce ai Mama ta riga ta faɗa masa. Ya ce Mama ba ita ta danna ba.

Na same su a gindin mangwaron nan. Tsoho ɗan ƙaramin mutum ne, da sanda, da idanu masu ruwa-ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa kai tsaye, don ban iya kewaye ba: ni na share sunansa, an gyara na sauran, nasa bai samu shiga ba, babu buhunsa.

"Kai ne ka goge ni?"

"Ni ce, Baba."

"Da me?"

Na ɗaga yatsa. Ya kama shi ya jujjuya yana dubawa kamar zai saya.

"Mutanen can da bindiga suka zo, ba su iya ba," ya ce. "Kai da wannan."

Aka fashe da dariya, har da shi. Ni ban yi ba, don na ga gonarsa ranar Alhamis daga nesa, an share ta tas, an yi kunya, tana jira.

Mama ta shiga ɗakin inji ta fito da wani tsohon gwangwani da buhun da ba komai a ciki. Ta ce mudunta na niƙa ba zai taɓa iri mai magani ba. Ta miƙo mini buhun. "Riƙe baki. Buɗe da kyau, ba kamar kwamfuta ba." Sannan ta ce kowa ya kwance nasa ya zuba wa Tsoho gwangwani ɗaya.

Na farko ya zuba ɗaya daidai baki. Na biyu ya zuba ɗaya da tozo, ya dubi na farko. Mai wushirya ya ce shi takwaransa ne aka bari a waje, ba zai yi daidai da bare ba, ya zuba biyu. Sauran masu sunan suka ce ai ba shi kaɗai ke da sunan ba. Na farko ya ga an bar shi a baya, ya dawo ya ƙara. Matar nan ta hoto ta karɓe gwangwanin daga hannun mijinta ta ce bai iya awo ba, ta cika shi har yana zuba. Jan maganin irin ya rine mini hannu har wuyan hannu. Tsoho yana zaune da sandarsa yana cewa ya isa, ya isa, amma ba da ƙarfi ba.

Da aka gama, mai wushirya ya ɗaga buhun Tsoho da hannun dama, ya ɗaga nasa da hagu, ya jinjina su. Ya sauya hannu ya sake jinjinawa. Na Tsoho ya fi nauyi, ba kaɗan ba.

Ya ajiye su, ya juyo gare ni.

"Yarinya," ya ce, "baɗi ni za ka goge."

Tsoho ya ɗaure bakin buhunsa da igiya, ya miƙe, ya nuna mini shi da sanda, ya nuna kaina. Gonarsa ce ta can bayan mayo, bayan ta mai fartanya. Na naɗa gammo da gyalena na ɗauka, ya shiga gaba, yana tafiya yana duban hadarin da ke haɗuwa ta wajen Kamaru, yana cewa in ɗaga ƙafa, yau zai fara shuka.